Gossen, masanin da ya rasu kafin a san darajar littafinsa

An haifi Hermann Heinrich Gossen a garin Düren na ƙasar Jamus a shekara ta 1810. Ya yi aikin gwamnati har 1847. A 1854 ya buga littafinsa, wanda ya yi bayanin yadda mai saye ke raba ɗan kuɗinsa tsakanin buƙatu masu yawa.

Ƙa'idarsa ta farko ita ce, daɗin abu yana raguwa in ana ƙara shi: moɗar ruwa ta farko ta fi ta huɗu amfani ga mai ƙishirwa. Ta biyu kuwa, mai cefane ya daidaita sayayyarsa ne idan kuɗin ƙarshe da ya kashe a kan kowane kaya suka kawo masa gamsuwa daidai wa daida. In ba haka ba, gara ya rage nan ya ƙara can.

Littafin cike yake da lissafi, bai samu kasuwa ba. Tarin fuka ya kashe Gossen a birnin Kolon a 1858. Sai a 1879 masanin tattalin arzikin Ingila, Jevons, ya amsa a rubuce cewa Gossen ya riga shi. Yau ƙa'idojin biyu da sunansa ake koyar da su a jami'o'i.