Oshodi Tapa: Banufen da Ya Bar Sunansa a Takardun Filayen Ikko

Duk wanda ya zauna Ikko ya san Oshodi, ko don sauka mota ko don cunkoson kasuwa. Amma mutum nawa ne cikinmu suka san mai sunan ɗan Arewa ne? Tapa dai shi ne sunan da Yarabawa ke kiran Nufawa da shi.

Landuji Oshodi Tapa ya zo Ikko yana yaro, zamanin Sarki Eshinlokun, lokacin da cinikin bayi ke ci. Labarin da aka fi ji shi ne, ana shirin saka shi a jirgin Turawan Fotugal sai ya kuɓuce ya faɗa gidan sarki. Sarki ya riƙe shi, daga baya ya tura shi Burazil ya koyo harshen Fotugal da dabarun ciniki. Da ya dawo, shi ne ya zama tsani tsakanin fada da fataken Turawa. Kai, yaron da aka kusa sayarwa sai ga shi yana tsaida farashi. Ba za mu ɓoye ba, shi ma dukiyarsa da cinikin bayin nan ta haɗu.

Bayan rasuwar Eshinlokun ya bi ɗansa Kosoko, ya zama babban sarkin yaƙinsa. A 1845 Kosoko ya kori Akitoye ya hau gado. A Disambar 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, Kosoko da jama'arsa suka gudu Epe, Oshodi na tare da shi. Sai 1862 aka yi sulhu suka komo, bayan Ikko ta shiga hannun Ingila a 1861.

To, a nan ne maganar takardu ta shigo. Da suka dawo, Oshodi ya sauka a wurin da ake kira Epetedo, wato mazaunin mutanen Epe. Ya yanka wurin gida-gida har 21, ya ɗora yaransa da barorinsa a kan kowane gida su riƙa kula da waɗanda ke ciki. Ya yi hulɗa ta kusa da Gwamna Glover, wanda ya kafa rundunar Hausawa a 1863. Oshodi ya rasu a 1868, kuma har an gina masa hasumiyar tunawa a Epetedo.

Shekara guda da rasuwarsa, a 1869, gwamnati ta ba da takardun mallaka na gidajen nan. Sai dai sunayen masu kula da gidajen aka rubuta, ba sunan zuriyar Oshodi ba. Wannan ya jawo shari'a iri-iri, har ta kai kotun ƙoli ta daular Ingila a Landan a 1930, inda aka ce masu riƙe da takardun amana suke riƙe da ita, asalin ƙasar kuwa yana komawa ga gidan Oshodi idan zuriyar mazauna ta ƙare. Rigimar ba ta kwanta ba sai da aka yi dokar filayen Epetedo a 1947.

Abin da ya sa muka kawo wannan, bayi da barori da yawa na Ikkon wancan zamani daga Arewa aka gangaro da su, Nufawa da Hausawa da sauransu. Wasu jikokinsu yau Yarabanci kawai suke ji. Mai neman kakansa a irin wannan wuri, kada ya tsaya neman sunan gidansu na yanzu. Ya fara tambayar tsofaffi sunan tsohon gidan da kakan ya zauna, da sunan wanda aka ɗora a kansa. Sannan ya duba shekarar takardar da sunayen maƙwabta da aka ambata a kan iyaka, domin sau da yawa a nan sunan baƙo yake fitowa. Ya kuma lura, akawun Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa: Muhammadu ya koma Momo, Abubakar ya koma Bakare.