Clarence Little: mutumin da ya karanci cuta a launin gashin kare

A gidan kawuna da ke Dapaong, wanda ke fataucin shanu, an taɓa samun wani ɗan kwikwiyo fari fat mai shuɗin ido. Uwarsa karyar gadin garke ce, 'yan'uwansa kuma duk ja ne da baƙi. Sai aka lura ko an yi fito, ko an buga kwano a bayansa, ba ya waiwayowa. Mata suka ce ai na aljanu ne, a kai shi daji. Wani likitan dabbobi da ya zo yi wa shanu allura ne ya tafa hannu kusa da kunnensa, ya ce kurma ne, haka aka haife shi, kuma farin nan da kurumtar tushensu ɗaya. Na daɗe ina juya maganar nan, har bayan na koma Sokodé, kafin karatu ya kai ni ga sunan Clarence Cook Little.

An haifi Little ranar 6 ga Oktoba 1888 a Brookline, kusa da birnin Boston na Amurka, a gidan masu hali. Mahaifinsa mai kiwon karnuka ne irin waɗanda ake kai wa gasar nuni, saboda haka tun yana yaro ya saba ganin yadda baƙar karya kan haifi ja. A Jami'ar Harvard ya zauna a gaban William Castle, ɗaya daga cikin malaman farko da suka gwada ka'idojin gado na Mendel a kan dabbobi.

A 1909, yana ɗalibi, ya fara aikin da ya ɗaga sunansa. Ya riƙa haɗa ɓera da ƙanwarsa, 'ya'yansu ma haka, zuriya bayan zuriya. Da yawa sun mutu ko sun daina haihuwa. Waɗanda suka rayu kuwa, bayan zuriya ashirin ko fiye, sun zama tamkar tagwaye a ƙwayoyin gadonsu. To mene ne amfanin wannan? Idan ka ba ɓeraye iri ɗaya magani, bambancin da ka gani daga maganin yake, ba daga jininsu ba. Baƙin ɓeran nan mai suna C57BL, wanda ya samar a 1921, har yau jikokinsa ne suka cika ɗakunan bincike na duniya.

Mulki ma ya taɓa. Yana da shekara 33 aka ba shi shugabancin Jami'ar Maine a 1922, sai ta Michigan a 1925, inda bai daɗe ba ya yi ta rigima da mutane har ya ajiye aiki a 1929. A shekarar ce ya kafa cibiyar bincike ta Jackson a garin Bar Harbor, don nazarin ciwon daji. A Oktoban 1947 gobarar daji ta cinye cibiyar, ɓeraye wajen 90,000 suka ƙone. Masu bincike da suka taɓa karɓar iri daga wurinsa ne suka riƙa mayar masa da su, har aka sake tayar da garken.

Bayan ya yi ritaya ma bai bar batun karnukan ƙuruciyarsa ba. A 1957 ya fitar da littafi kan yadda ake gadon launin gashi a karnuka. Ku tuna fa, a lokacin babu wanda zai iya karanta DNA na kare. Ƙirga kawai ya yi: uba kaza, uwa kaza, 'ya'ya nawa baƙi, nawa ja, nawa masu tabo. Daga wannan lissafi ya ce akwai gurabe kamar goma da ke juya launi, ya sa wa kowanne harafi. Gurbin S shi ke kawo farin tabo. Gurbin M shi ke kawo launin dabbare-dabbare, kuma nan ne hatsarin yake: idan aka haɗa dabbare da dabbare, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai gaji ƙwayar ta ɓangare biyu, ya fito kusan fari, sau da yawa kurma ko mai nakasar ido.

Dalilin kuwa, ƙwayoyin da ke yin launi ba a fata kaɗai suke aiki ba. Akwai su can cikin kunne, idan babu su sashen da ke ɗaukar sauti sai ya lalace tun kwikwiyo yana 'yan makonni. Abin da ya sami na gidan kawu ke nan, ba aljani ba.

Shekara hamsin bayan littafin, na'ura ta zo ta duba aikinsa. An kammala karanta DNA na kare a 2005. A 2006 masu bincike a Jami'ar Texas A&M suka gano ainihin ƙwayar dabbare-dabbare, a 2007 aka danganta farin tabo da ƙwayar MITF. Yawancin hasashensa ya tsaya. Amma a kan baƙin launi mai rinjaye ya yi kuskure, domin a gurbin A ya ajiye shi, sai masanan Jami'ar Stanford suka nuna a 2007 cewa gurbinsa daban ne, wanda ake kira K. Yanzu mai kiwo a Turai kan goga auduga a kumatun karensa ya aika ɗakin gwaji, a gaya masa wanda bai kamata ya haɗa shi da shi ba.

Da a nan tarihin ya tsaya, da na ji daɗi. Amma mutumin ya yarda da gado har ya wuce gona da iri. Yana cikin jagororin masu ra'ayin wai a tace zuriyar ɗan Adam kamar ta dabba, a hana waɗanda suke ganin ba su cancanta ba haihuwa. Ga mu da muka san Allah ya karrama ɗan Adam, wannan ko kusa ba abin saurare ba ne.

Sannan ga taba. Mutumin da ya jagoranci babbar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka, shi ne a 1954 ya karɓi aikin daraktan kimiyya na kwamitin binciken da kamfanonin sigari suka kafa. Ya shafe shekaru yana cewa ba a tabbatar sigari na jawo ciwon dajin huhu ba, yana karkatar da zancen zuwa ga gado. Ni a ganina wannan ya fi komai muni, don shi ba jahili ba ne, ya san yadda ake auna hujja. Duk lokacin da na ga samari a tashar mota ta Sokodé suna sayen sigari kara-kara, nakan tuna da shi.

Ya mutu ranar 22 ga Disamba 1971 yana da shekara 83. A 2018 Jami'ar Michigan ta cire sunansa daga ginin da aka sa masa, cibiyar Jackson ma ta cire shi daga zauren taronta a 2020.

Shi kuwa farin kwikwiyon, kawu bai bari an kai shi daji ba. Garke dai bai bi ba, tunda ba ya jin kira, amma ya yi shekaru yana gadin zaure, yara na kiransa da alamar hannu.