George Muller: Uban Marayu Mai Riƙon Amana

An haifi George Muller a ƙasar Jamus a shekarar 1805. Da ƙuruciyarsa ya yi ƙaurin suna wajen sata da ƙarya, har aka ɗaure shi yana ɗan shekara 16 saboda bashin da ya ci ya ƙi biya. A shekarar 1825, yana ɗalibi a jami'ar Halle, ya je wani taron addu'a a gidan wani mai bi, kuma daga nan ya ba da ransa ga Yesu Almasihu.

Ya ƙaura zuwa Ingila a 1829, ya zauna a birnin Bristol daga 1832. A 1836 ya buɗe gidan marayu na farko a wani gidan haya. Aikin ya yi ta bunƙasa, har zuwa 1870 aka kammala manyan gidaje 5 a unguwar Ashley Down masu ɗaukar yara kimanin 2,000. A tsawon rayuwarsa ya riƙe marayu fiye da 10,000.

Muller ya ƙudura tun farko ba zai roƙi kowa kuɗi ba, ba kuma zai ci bashi ba. Bukatunsa Allah kaɗai yake kai wa cikin addu'a. Duk da haka mutane suka yi ta aiko da baiko shekara fiye da 60, har jimlarsa ta haura fam miliyan 1. Muller ya shaida cewa Ubangiji ne ya motsa zukatansu, amma yadda shi kansa ya riƙe amanarsu ya taimaka ƙwarai wajen ɗorewar zumuncin.

Kowace kyauta sai an rubuta ta, ko kwabo ce ko tsohon cokali. Yakan buga rahoto mai nuna abin da ya shigo da inda ya tafi, domin mai bayarwa ya ga ƙarshen kuɗinsa. Abin da aka bayar domin gini ba ya karkatar da shi zuwa abinci, ko da rumbu ya ƙare. Sa'ad da wata matalauciya mai ɗinki ta kawo fam 100 daga gadon da ta samu, sai da ya zauna da ita ya tabbatar ba cikin gaggawa ta yi ba kafin ya karɓa. Ya fi damuwa da lafiyar ruhun mai bayarwa fiye da girman kyautarsa.

Shi ma mai bayarwa ne. Shekaru da yawa yana aika taimako ga masu bishara, ciki har da Hudson Taylor da abokan aikinsa a ƙasar Sin. Ya rasu ranar 10 ga Maris 1898 yana da shekara 92, bai bar wata dukiyar kirki ta kansa ba.

Ikilisiyoyinmu da ke neman gudummawa domin makarantu, asibitoci da aikin bishara su lura da wannan. Wanda ya ba da baiko sau ɗaya, idan ya ga lissafi a fili, aka kuma tuna da shi cikin addu'a, ba wuya ya zama abokin hidima har tsufansa.