Alhaji Abubakar Imam (1911–1981): Marubuci a Zamanin Ƙarancin Kuɗin Ilimi

An fi sanin Alhaji Abubakar Imam da littattafan hikaya da aikin jarida. Sai dai duk wanda ya bi tarihinsa daki-daki zai tarar cewa mafi yawan ayyukansa sun tsiro ne daga matsala guda, wato ƙarancin abin da hukuma ke warewa domin ilimin talakan Arewa.

An haife shi a garin Kagara a shekarar 1911, a gidan malamai, domin mahaifinsa Malam Shehu Usman masanin shari'a ne. Kagara tana cikin Jihar Neja ta yau, a kan hanyar da ta taso daga Tegina ta bi ta Pandogari ta shiga Birnin Gwari, inda wani reshe ya ɓalle ya ratsa Dogon Dawa ya nufi Funtuwa. Ya fara da karatun allo a gida. Da yake babu babbar makarantar boko a wannan yanki a lokacin, sai ya tafi Katsina, inda yayansa Malam Bello Kagara yake koyarwa. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya fita a 1932, ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil ta garin.

Fitarsa kwaleji ta zo daidai da karayar tattalin arzikin duniya da ta faro a 1929. Farashin gyaɗa da auduga ya faɗi, kuɗin shiga na gwamnatin mulkin mallaka ya ragu, aka tsuke bakin aljihu a ma'aikatu, har da ta ilimi. Dama can makarantun Arewa ba su taka kara sun karya ba, ga shi kuma ɗaliban da ke cikinsu ba su da isassun littattafan Hausa da za su karanta. Wannan giɓi ne ya sa Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, yayansa kuma da Ganɗoki, aka buga duka biyun.

East ya ga hazaƙarsa, ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya a 1936. Cikin kusan wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka fitar a littafi uku tsakanin 1937 da 1939 domin amfanin makarantu. Hikimar aikin ita ce, yaron da bai samu ci gaba da karatu ba zai iya riƙe littafin a gida ya karanta don nishaɗi, har ya karanta wa waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya zama editanta na Hausa, ya riƙe aikin har 1951. A kan kwabo ɗaya jaridar ta kai karatu kasuwanni da zauruka da ƙauyukan da gwamnati ba ta gina ko aji ɗaya ba.

A 1943 ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe, tafiyar da ta haifar da littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. A can ya gana da Lugga, tsohon gwamnan Nijeriya, daga baya kuma ya rubuta masa dogon bayani a kan halin da Arewa ke ciki, ciki har da koma-bayan ilimi da yadda ake ware matasa masu ilimin zamani daga shawarar mulki. Bai tsaya ga kai kuka wurin hukuma kaɗai ba, domin yana cikin waɗanda suka kafa makarantar Nurul Huda a Tudun Wadar Zariya, wadda ta haɗa ilimin addini da na zamani da ƙarfin jama'ar unguwa.

Ya kuma ga yadda rashin kuɗi ke rushe abin da aka gina. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, ta kafa hukumar NORLA domin samar wa sababbin masu karatu littattafai da ƙananan jaridu, Imam kuma yana cikin manyan ma'aikatanta. A 1959 aka rufe hukumar saboda ba ta mayar da kuɗin da ake zuba mata. An auna ta da ma'aunin ɗan kasuwa, alhali ribarta tana kan mutanen da suka iya karatu. Sai a 1966 aka kafa kamfanin NNPC a Zariya ya ɗauki nauyin ɗab'in littattafan Hausa. Imam ya yi shekaru a hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981.

Shekara arba'in bayan rasuwarsa, ƙasar da ta haife shi ta shiga wani hali. Ranar 17 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka sace ɗalibai 27 a Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, hotunan makarantar kuma suka nuna wa duniya ɗakunan kwana da suka daɗe ba su ga gyara ba. A watan Maris aka sace malamai a firamaren Rama ta Birnin Gwari, a Yuli kuma Jihar Kaduna ta ba da umarnin rufe makarantu 13. Bindiga ce ta rufe ƙofofin, amma sakaci da ƙarancin kuɗi sun riga ta raunana su. Yaron Dogon Dawa da aka rufe wa makaranta a yau yana fuskantar abin da Imam ya fuskanta a Kagara, wato barin gida neman ilimi. Imam ya samu yaya a Katsina da kwalejin da hukuma ke ɗaukar nauyinta. Mafi yawan yaran wannan daji ba su da ko ɗaya daga cikin biyun.