ALFA MAHAMAN JOBBO, MALAMIN DA YA KAFA SAYI A BAKIN GULBI



A wannan fitowa, filinmu na tarihin mazan jiya zai bar ƙasar Hausa ya nufi yamma, bakin gulbin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa. Dalili kuwa, da yawa cikin ƴan garinmu suna zaune Yamai, wasu aikin gwamnati, wasu kasuwa, wasu karatu. Duk sun san Sayi da suna, amma kaɗan ne suka san mutumin da ya kafa ta.

Wanda ya tashi daga Yamai ya ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda, ya miƙe kudu, bayan tafiyar kilomita 55 ko kusa da haka zai iske Sayi a gaɓar yamma ta gulbi. A cikin garin akwai hubbaren Alfa Mahaman Jobbo, wanda takardun Faransanci ke rubutawa Diobbo. Sunan wannan hubbare bai kai na Hubbaren Shehu na Sakkwato ba, amma mutanen bakin gulbi sun san shi, kuma matafiyi mai sanin ya kamata ba ya wuce Sayi bai tsaya ya yi wa mai shi addu'a ba. To, wane ne wannan bawan Allah?

ASALINSA DA ZAMANINSA

Mahaman Jobbo Bafillace ne. An haife shi cikin rabi na biyu na ƙarni na 18, a ƙasar Masina, wajen birnin Jenne, cikin Mali ta yau. Jenne tsohon garin malamai ne da fatake, tun zamanin sarakunan Mali da na Sanwai. A wannan ƙasa ya yi karatu, ya kuma riƙi ɗariƙar Ƙadiriyya, wadda ita ce ɗariƙar Shehu Usman ɗan Fodiyo. Kalmar Alfa da ke gaban sunansa, ita ce malam a bakin Zabarmawa da Sanwai.

Ya tashi cikin zamani mai zafi. A 1804 Shehu Usman ya yi hijira daga Dagel zuwa Gudu, yaƙi ya tashi tsakaninsa da Gobir, har Alƙalawa ta faɗi a 1808. Mu mutanen wannan yanki mun san abin da ya biyo baya, tun da ƙaurar Katsinawa da Gobirawa ce ta haifi Maraɗi da Tsibiri. A can Masina ma, a 1818 Seku Amadu ya ɗaga tasa tuta, ya ci nasara, ya gina Hamdallahi. A wannan lokaci malamin da ya tara jama'a, abin da ake jira gare shi ke nan: ya karɓi tuta, ya ɗaura wa doki sirdi.

Alfa Mahaman bai bi wannan hanya ba. Ya bar ƙasarsu tun kafin Seku Amadu ya tashi, ya biyo gulbi ya yo gabas, da littattafansa da almajiransa. Wajen 1810 yana cikin ƙasar da ke Nijar a yau.

SHEKARUN YAWO

Masu riƙon tarihin Sayi suna lissafa masaukansa ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna Gawo, tsohon birnin Askiya. Ya zauna Larba Birno cikin ƙasar Sanwai. Ya gangaro har tsibirin Neni, wanda yake nan cikin gulbi daura da Yamai, tun Yamai tana ƴar ƙauye. Ƴan uwanmu da ke zaune babban birni suna hangen wannan tsibiri, ba su san wani babban malami ya taɓa shimfiɗa buzunsa a kansa ba.

Zaman tsibiri yana da dalili. Mutumin da ba shi da mayaƙa, ba shi da ganuwa, ruwa shi ne ganuwarsa. Mahara a kan dawaki ba su iya faɗa masa ba shiri, ga kifi, ga ƙasar noma idan ruwa ya janye. Duk inda ya sauka kuwa aikinsa ɗaya ne: a kafa makaranta, a wanke alluna, a hura wutar karatun dare, manya kuma su zo da tambayoyinsu na salla da aure da gado. Da ya tashi, sai wasu cikin mutanen wurin su ɗaure kaya su bi shi. Haka jama'arsa ta yi ta ƙaruwa, Fulani da Zabarmawa da Sanwai, kowa da harshensa.

A cikin waɗannan shekaru ne ya haɗu da wani malamin Fulani, Bubakar Luduji na Dallol Boso. Shi Bubakar ya gwada mulki da ƙarfi a Dallol, Zabarmawa suka taso masa suka kore shi, ya shiga yawo. Malaman biyu sun yi zama tare, sun yi tafiya tare, amma halinsu ya bambanta. Daga baya Bubakar ya koma Dallol ya zauna Tamkalla, rigima kuma ba ta ƙare ba har zamanin ɗansa. Shi kuwa Alfa Mahaman ya ci gaba da neman wurin da zai zauna ba tare da ya kori kowa ba.

KAFA SAYI

A 1825 ya tsaya a Sayi, nan tafiya ta ƙare. Wanda ya dubi wurin zai gane malam ya san abin da yake yi. Sayi mashigi ce. Fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro, waɗanda suka biyo ta Sakkwato da Gwandu, a nan wasunsu ke ƙetare gulbi da jakunansu, su shiga ƙasar Gurma, su nufi Salaga. Jiragen ruwa kuma suna gangarowa daga wajen Gawo, wasu suna haurowa daga Gaya. Hanyar tudu da hanyar ruwa suka gamu a ƙofar makarantarsa. Ba mamaki cikin kakanninmu akwai wanda ya kwana Sayi da kayan kanwa ko turkuɗi, yana jiran jirgin fito.

Gari irin wannan yana buƙatar inuwa. A lokacin, yammacin daular Sakkwato yana hannun Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, ke zaune. Alfa Mahaman ya ƙulla zumunci da Gwandu, su kuma suka san shi a matsayin wakilinsu a wannan gefe na gulbi. Wannan ya sa masu ƙarfi na kewaye suka yi shakkar taɓa shi. Amma shi da kansa bai fita cin ƙasar kowa ba. Duk masu ba da tarihinsa sun haɗu a kan wannan magana: malami ne, ba mayaƙi ba.

To, da me ya riƙe gari? Da abu uku.

Na fari, karatu. Almajirai suka riƙa zuwa daga nesa, malamai suka zo suka buɗe zaurukansu kusa da nasa, har sunan Sayi ya kai Gawo ta arewa, ya kai Gaya ta kudu. Ya kuma lura talakawa ba su jin Larabci, saboda haka wa'azi ya koma cikin harshen da masunta da manoma ke ji. Akwai waƙoƙin wa'azi na Zabarmanci da ake danganawa gare shi, kamar yadda Shehu da ƴarsa Nana Asma'u suka yi nasu da Fillanci da Hausa. Ku duba, Bafillace ne, amma bai ce sai an koyi harshensa kafin a ji maganar Allah ba.

Na biyu, sulhu. Da yake ba shi da rundunar da za a ji tsoro, ba shi kuma da ƙasar da yake kwaɗayi, sai masu husuma suka yarda da shi. Garuruwa biyu in sun saɓa, kowane yana iya zuwa Sayi ba tare da ya ji an ƙasƙantar da shi ba.

Na uku, karɓar baƙo. Misali babba shi ne Galajo, sarkin Kunari na Masina, wanda ya ɓata da Seku Amadu ya baro ƙasarsa da jama'arsa. A yammacin Sayi ya sami wurin zama, zuriyarsa kuwa tana nan, sunansa ma yana kan garin Uro Galajo. Mutumin da ya san ɗacin yawo shi ya fi sanin darajar masauki.

RASUWARSA DA MAGADANSA

Allah ya yi masa rasuwa a 1834, shekara 9 kacal bayan kafa garin. A Sayi aka binne shi. Ɗansa Bubakar, wanda ake kira Modibbo, ya gaje shi, ya riƙe gari har 1860. Daga nan sarauta ta zauna cikin gidansa, ana kiran mai riƙe da ita Alfaize, watau ɗan malam da Zabarmanci. Wannan suna kaɗai ya isa shaida. A wasu wurare sarki yana taƙama da kakansa mai takobi, a Sayi kuwa taƙamarsa shi ɗan malam ne.

Shekara 19 bayan rasuwarsa wani baƙo ya iso bakin mashigin. Shi ne Bajamushen nan Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdul Karim. Ya bi ta Tasawa a 1851, ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, sa'an nan ya nufi Tumbuktu. Ranar 20 ga watan Yuni 1853 ya iso gulbi daura da Sayi. A littafinsa ya bayyana jiragen da suka ƙetarar da shi da raƙumansa: kowane jirgi itace biyu ne aka fafe, aka ɗinke su a tsakiya. Ya gana da sarkin gari Bubakar, ya kuma rubuta cewa ɗan wani shahararren malami ne. Da ya komo daga Tumbuktu a ƙarshen Yuli 1854, nan ya sāke ƙetarewa.

Amma ya iske zamani ya fara juyawa. Tun 1849 Kabawa, a ƙarƙashin Yakubu Nabame, suka tayar wa Gwandu, Zabarmawa da Arawa da Dendawa suka mara musu baya. Hanyar da ta haɗa Sayi da Gwandu ta zama mai hatsari, fatake suka ragu, abinci ya yi tsada. Garin da ya rayu da baƙi, in hanya ta toshe dole ya rame.

Bayan haka Nasara suka zo. A 1890 Faransa da Ingila suka zauna can Turai suka ja layi a takarda daga Sayi zuwa Barruwa ta bakin tafkin Cadi, suka ce arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Wannan layi, bayan an yi masa gyare-gyare, shi ne tushen iyakar da ta raba mu da ƴan uwanmu na Katsina da Daura da Sakkwato. A 1891 Monteil ya sauka Sayi yana bin sawun layin, a 1897 Faransawa suka kafa bariki a garin. An yi ta jan Sayi daga wannan mulki zuwa wancan, har ta zauna cikin Haute-Volta, sai a 1927 aka maido ta cikin Nijar. Yamai ta girma, Sayi ta koma ƙaramin gari.

Duk da haka irin da malam ya shuka bai mutu ba. A 1974, a taron ƙasashen Musulmi na birnin Lahore, aka yanke shawarar gina jami'ar Musulunci a Nijar. Da aka tashi zaɓen wuri, Sayi aka zaɓa, aka buɗe ta a 1986.

GA MAI NIYYAR ZIYARA

Ɗan uwa, in Allah ya kai ka Sayi, ga ƴar shawara. Ka tuna kai baƙo ne, wurin kuwa yana da masu shi. Kada ka sauka mota ka miƙe hubbare kai tsaye. Fara da gaida dattawan gidan, ka faɗi daga inda ka fito, ka nemi izini, su za su haɗa ka da mai yi maka jagora. Ka tuɓe takalmi inda aka ce a tuɓe, ka sassauta murya. Ka yi sallama ga mamaci, ka roƙa masa gafara da rahama, buƙatarka kuwa ka kai ta ga Allah. Kada ka ɗauki hoto sai ka tambaya. In kana da abin sadaka, ga almajirai nan, jikokin waɗanda aka kafa garin dominsu. In ka gama, ka gangara bakin ruwa ka tsaya kaɗan, ka dubi mashigin da ya ci da garin.

Sai dai wajibi ne mu faɗi gaskiya. A ƴan shekarun nan jahar Tilaberi, wadda Sayi ke cikinta, ta sha wuya a hannun ƴan bindiga, an kashe mutane, an tashi ƙauyuka. Kowa zai tafi ya tambayi labarin hanya tukuna, ya bi umurnin hukuma. Abin baƙin ciki ne a ce ƙasar da wani malami ya shiga da allo da tawada, mutane suka bi shi don kansu, yau wasu sun shige ta da bindiga suna kiran sunan addini, mutane na gudunsu.

Mu ma a nan gida muna da namu ƙananan rigingimu: iyakar gona, burtalin shanu, layin rijiya, baƙon da ya zo neman wurin zama. Duk ranar da aka kira taro a kan ɗayansu, mu tuna da mutumin Sayi. Ya zo baƙo, bai ƙwace gonar kowa ba, ya mulki gari shekara 9, ga shi yau kusan shekara 200 ana zuwa yi masa addu'a. Magabata sun yi gaskiya da suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah ya jiƙan Alfa Mahaman Jobbo, ya kyautata makwancinsa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.