Amina ta Zazzau: Tsakanin Tarihi da Hikaya

Babu ɗan ƙasar Zazzau, tun daga birni har su Ikara da Maƙarfi, wanda bai taɓa jin sunan Amina 'yar Bakwa Turunku ba. Amma abin da magabata suka rubuta a kanta kaɗan ne.

Littafin Tarihin Kano ya sanya ta a zamanin Sarki Dauda (1421-1438). Ya nuna ta shekara 34 tana yaƙi, har Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Muhammadu Bello kuwa, cikin Infaƙul Maisuri, ya bayyana cewa Kano da Katsina sun biya ta gandu, kuma a Atagara ta rasu. Wasu masana sun fi karkata ga ƙarni na 16.

Inda alƙalami ya tsaya, nan hikaya ta ɗauka. Ganuwowi da dama ana jingina mata su. A 2019 majigin zane mai suna Malika ya ari siffarta, a 2021 kuma Izu Ojukwu ya fitar da fim ɗin Amina. Aikin manazarci ne ya rarrabe aya da tsakuwa.