Jerom, Malamin Da Ya Rena Annabawa

'Yan'uwa, ga Azumi ya zo, kwana arba'in kafin Ista. Mu nan Sabon Gari na Sakkwato mun san ƙarshensa yakan faɗo cikin zafin bazara, sa'an da jiki ke mutuwa, karatu kuwa ya yi nauyi. Domin wannan muka kawo muku labarin wani mutum wanda Allah ya karya girman kansa a tsakiyar Azumi.

An haifi Jerom wajen shekara ta 347 a Sitiridon, bakin iyakar Dalmatiya. Iyayensa masu hali ne, suka aike shi Roma wurin shahararren malami Donatus. A can aka yi masa baftisma. Ya ƙware a harshen Latin, ya tara littattafan masu hikima na arna, musamman na Sisero.

Sa'an da ya tashi zuwa gabas domin ya keɓe kansa ga Allah, ya bar gida da dangi, amma littattafansa ya kasa barinsu. Yakan yi azumi, ya kwana yana kuka saboda zunubansa, sa'an nan ya koma kan Sisero. In ya buɗe Annabawa sai ya ji maganarsu ba daɗi, kamar ta ƙauyawa. Laifin kuwa ba na Annabawa ba ne, na idonsa ne.

Ana nan, a tsakiyar Azumi, zazzaɓi ya kama shi har aka soma shirin jana'izarsa. Cikin ciwon nan ya ga kansa a gaban kursiyin shari'a. Aka tambaye shi ko shi wane ne, ya ce shi Kirista ne. Mai-shari'a ya ƙaryata shi, ya nuna masa shi almajirin Sisero ne, gama can zuciyarsa take. Aka yi masa bulala, ya roƙi jinƙai, ya farka da hawaye. Shi da kansa ya rubuta wannan a wata wasiƙa a 384.

Daga nan ya shiga jejin Kalkis a Suriya. Babban malami ya koma ɗan makaranta, ya zauna gaban wani Bayahude da ya tuba, yana koyon baƙaƙen Ibrananci. Sau da yawa ya fid da zuciya, ya bari, ya sāke farawa.

A 382 ya koma Roma, Bishop Damasus ya sa shi gyaran Linjila ta Latin. A 386 ya zauna a Baitalami. Nan ya yi shekara wajen 15 yana juya Tsohon Alkawari daga Ibrananci, har yakan ɗauki wani malamin Yahudawa ya koya masa da dare. Fassarar da ake kira Vulgata, wadda yawancinta aikinsa ne, ita ekklesiyar Turai ta yi fiye da shekara 1000 tana karantawa. Ya rasu ran 30 ga Satumba, 420.

Ba za mu ɓoye aibinsa ba. Harshensa da kaifi, har ya ɓata da abokinsa Rufinus, ba su kuwa shirya ba. Ashe tawali'u ba abin samu ba ne rana ɗaya, kowace safiya sai an roƙa.

Mu fa? Tun 1932 muna da Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, aikin Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa. Waɗansunmu da suka yi boko suna ganin Hausarsa ta tsufa. Waɗansu suna buɗe shi domin neman ayar da za su ka da maƙwabci a gardama. Wannan ciwon Jerom ne.

Cikin Azumin nan bari mu yi haka. Mu tashi da asuba tun da sauran sanyi, mu durƙusa tukuna kafin mu buɗe. Mu karanta sura ɗaya a hankali, mu bar ta ta bincike mu. Abin da ya fi ƙarfinmu mu kai wa fasto ko dattijo ba da kunya ba, kamar yadda Jerom ya zauna gaban malaminsa. Ubangiji ya ba mu zuciyar almajiri. Amin.